Ƙaramin Akwatin Gwaji da Maganin Tarin Fuka: A Dogara da Shi Ko A'a?

Abu biyu aka fi sanin Ƙofar Ruwa da su a birnin Kano: kasuwar ƙarafa da kayan gini, da kuma Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959. Yawancin waɗanda ake kawowa asibitin karaya ce ta kawo su, ta mota ko ta babur. Amma a cikin masu jiran ganin likita akwai waɗanda ba su faɗi ba, ba kuma a buge su ba. Ciwon baya ne ya fara musu, da zazzaɓin dare da rama. Aka yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a gida har ƙashin baya ya lanƙwashe ya yi doro, wasu ma ƙafafu suka daina ɗaukarsu. Tarin fuka ne, sai dai maimakon ya tsaya a huhu, ya sauka a ƙashi. Likita zai iya yin aiki ya gyara abin da zai gyaru, amma ba wuƙa ke kashe ƙwayar cutar ba. Magani ne, kullum da safe kafin a karya, shekara guda ga mai irin wannan larura, wata shida ga mai tarin huhu.

Duk wannan doguwar jinya a kan zato ɗaya take tsaye, cewa abin da aka rubuta a bayan katin magani shi ne a cikin ƙwayar. Majinyaci ba shi da hanyar sani. Ma'aikaciyar da ke ƙirga masa ƙwayoyi ita ma haka. Shi kansa likita, sai ya ga wata biyu ko uku sun wuce ciwo bai ja baya ba kafin ya fara shakka, kuma ko ya fara, majinyacin zai tuhuma da tsallake shan magani tun kafin ya tuna da wani kamfani da ke can ƙetare.

Wannan ne ya sa masu harhaɗa magunguna da jami'an yaƙi da tarin fuka suka daɗe suna jan wata magana a tsakaninsu. Shin ƙananan gwaje-gwajen da ake yi a kan teburi cikin awa ɗaya ko biyu, da kayan da za su shiga akwati, sun isa su tsare maganin tarin fuka a gari irin Kano? Ko kuwa kwantar da hankali ne kawai, wanda ɓarnarsa za ta fi amfaninsa?

Sai an san yadda maganin yake kafin a gane nauyin tambayar. A wata biyun farko babban mutum yana shan ƙwaya mai haɗe da magunguna huɗu: rifamfisin miligiram 150, isoniyazid 75, firazinamid 400, etambutol 275, adadin ƙwayoyin kuma gwargwadon nauyin jikinsa. Daga nan sai a koma kan biyun farko kaɗai har zuwa ƙarshe. Dalilin haɗa su shi ne, a cikin miliyoyin ƙwayoyin cutar da ke huhun mutum ɗaya, ba a rasa 'yan ƙalilan da magani guda ba ya yi musu komai. In huɗun suka taru da cikakken ƙarfinsu, wadda ta tsere wa wannan ba za ta tsere wa wancan ba. In kuwa rifamfisin ɗin da ke ciki rabi ne, to raunanan ƙwayoyin cutar za su mutu, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa. Mutum zai ji sauƙi na ɗan lokaci, tari ya dawo, kuma wanda ya dawo ɗin ba ya jin maganin farko. Shi zai shaƙa wa matarsa da 'ya'yansa da abokan zamansa a shago. Kafin zuwan sababbin magunguna, wanda ya kamu da tarin da ke bijire wa magani yakan shafe wata goma sha takwas ko fiye, da allurai masu kurmantar da wasu har abada. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin wata shida na ƙwayoyi zalla, amma har yanzu tsadarsa ta ninka ta maganin farko sau da yawa.

Nijeriya kuwa ba ƙaramin kaya ta ɗauka ba. Ita ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu cutar, ta shida a duniya, inda ake ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa a shekara. Kano da Legas na cikin jihohin da suka fi yawan waɗanda ake ganowa.

Akwatin da ake taƙaddama a kansa, wanda ya fi shahara shi ne Minilab, da wata gidauniyar Jamus ta fito da shi a ƙarshen shekarun 1990 ƙarƙashin jagorancin wani masanin magunguna, Richard Jähnke. Kayansa duka cikin akwatuna biyu suke shiga. Aikin mataki-mataki ne. Da farko a duba kwali da kati da ƙwayar da ido: rubutu, lambar kaso, ranar lalacewa, launi, tsagewa. Sai a jefa ƙwayar a ruwa mai ɗumin jikin mutum a ga ko za ta wargaje cikin minti 30. Sannan a zo kan babban gwajin. A daka ƙwayar, a narkar da ita a ruwan sinadari, a ɗiga ɗan mitsitsin ɗigo a gindin wani siririn faranti da aka shafe da farar hoda. A gefensa a ɗiga na ingantaccen magani sau biyu, ɗaya mai cikakken ƙarfi, ɗaya mai kashi 80 cikin 100. A tsayar da farantin a kwalba mai ɗan ruwan sinadari a ƙasa. Ruwan zai bi farantin ya hau, ya ja maganin, kowane magani da inda yake tsayawa. Bayan kamar rubu'in awa a ciro, a busar, a haska da wata 'yar fitila ta musamman ko a turara da aidin. In ɗigon bai tsaya daidai da na ingantaccen ba, to ba maganin ba ne. In ya tsaya daidai amma ya fi na kashi 80 dusashewa, maganin ne amma an rage. Rifamfisin ma ba ya buƙatar fitila, jan launinsa a fili yake.

Masu goyon bayan akwatin ba da baki kawai suke magana ba. A 1999 wasu masu bincike a Botsuwana suka gwada samfuri 13 na haɗaɗɗun ƙwayoyin tarin fuka da wannan hanya ta faranti, 4 suka gaza. A 2001 masana daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka tattara samfuri 40 daga Kolombiya da Estoniya da Indiya da Latbiya da Rasha da Biyetnam, suka tarar ɗaya cikin goma bai kai kashi 85 na abin da aka rubuta ba, kuma matsalar ta fi yawa a haɗaɗɗun ƙwayoyi. Mafi kusa da gida shi ne binciken da aka buga a 2013, wanda aka sayo samfuri 713 na isoniyazid da rifamfisin daga shagunan magani a birane 19 na ƙasashe 17, har da Nijeriya. Kashi 9.1 suka faɗi gwajin gaba ɗaya, amma a biranen Afirka adadin ya kai 16.6, wato kusan ɗaya cikin shida. Da Minilab aka yi aikin. Hujjarsu a nan a bayyane take: waɗannan magunguna suna kan kanta ana sayar da su, kuma da ba don ƙaramin gwajin ba, da babu wanda zai sani.

Suna ƙarawa da maganar kuɗi da nisa. Babbar na'urar da ke auna magani ƙwaƙƙwaran awo, wadda ake kira HPLC, kuɗinta dubban daloli ne goma-goma, tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗaki mai sanyi, da sinadarai masu tsabta, da ƙwararren da ya shekara yana koyo. Akwatin kuwa 'yan dubbai ne, kowane gwaji kuɗi kaɗan, kuma ma'aikacin ɗakin gwaji na iya koyonsa cikin mako ɗaya ko biyu. Hukumar kula da ingancin magunguna ta NAFDAC na da manyan ɗakunan gwaji, ciki har da na Kaduna da na Yaba a Legas, wanda ya samu shaidar amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023. Amma Kaduna ta fi kilomita 200 daga Kano, Legas kusan dubu, kuma samfuri layi yake bi. Kafin sakamako ya dawo, katan ɗin da ake zargi ya ƙare, ya shiga Katsina da Damagaram da Maraɗi, ya shiga cikin mutane. Abin da suke cewa dai shi ne, da babu gara ba daɗi.

Ko ido kaɗai ma, in ji su, ya taɓa ceton rayuka. A lokacin annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ne suka lura cewa wata allurar rigakafi da aka kawo gudummawa daga Nijeriya ba ta narkewa yadda aka saba. Da aka kai ta babban ɗakin gwaji aka tarar jabu ce, babu komai a ciki, amma an riga an yi wa mutum fiye da 50,000.

Duk wanda ya taɓa sayen rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa ya san ƙarfin wannan hujja, ya kuma san iyakarta. Magini mai wayo ba ya yarda da kiran sunan rodi, sai ya sa ma'auni ya ga kaurinsa, domin akwai wanda ake ce wa milimita 12 alhali bai kai ba. Ma'aunin na aljihu yana kama wannan cuta nan take. Abin da ba zai faɗa masa ba shi ne ƙarfin ƙarfen, ko an haɗa shi yadda ya kamata, ko zai ɗauki nauyin bene ko zai karye. Wannan sai a injin da ke jan ƙarfe har ya tsinke. Rodi na iya cika kauri ya kuma zama na banza.

A nan masu ja suke kafa tasu hujjar, kuma ba 'yan gaba-daɗi ba ne, yawancinsu mutanen manyan ɗakunan gwaji ne da suka san aikin ciki da bai.

Abu na farko da suke nunawa shi ne tazarar da ke tsakanin ma'aunin akwatin da ma'aunin doka. Littattafan ƙa'idar magunguna galibi suna son abin da ke cikin ƙwaya ya kasance tsakanin kashi 90 da 110 na abin da aka rubuta. Akwatin kuwa da kashi 80 yake kwatantawa, kuma da idon mutum. Ƙwayar da ke da kashi 83 ta karya doka, amma za ta wuce lafiya lau. Ko mai kashi 75 ma, in hasken ɗakin bai da kyau ko mai gwajin ya gaji, tana iya sulalewa. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne a Nijeriya. A 2001 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken samfuri 581 da aka sayo daga shaguna 35 a Legas da Abuja, har da magungunan tarin fuka. Kashi 48 sun fita daga ƙa'ida, amma mafi yawansu da ɗan kaɗan suka fita, wasu ma yawa suka yi ba ƙaranci ba, kuma masu binciken sun fi ɗora laifin a kan sakacin masana'anta fiye da ha'inci da gangan. Irin waɗannan su ne ainihin waɗanda farantin ba ya gani.

An ma taɓa gwada akwatin da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2011 kan magungunan zazzaɓin cizon sauro a ƙasashen Afirka shida, inda aka bi samfuran da Minilab, sannan aka sake bin wani kaso da cikakken gwaji. Na Nijeriya ne suka fi faɗuwa, kusan kashi 64. Abin da ya fi damun masu ja shi ne, a cikin waɗanda babban gwaji ya kayar, kusan ɗaya cikin uku kawai akwatin ya kama. Sauran biyun sun wuce da shaidar lafiya.

Sai kuma halin rifamfisin, wanda a nan gizo ke saƙar. Shi ne ƙashin bayan maganin tarin fuka, shi ne kuma ya fi kowanne rigima. Tun shekarun 1980 masu bincike a Italiya suka nuna cewa haɗaɗɗiyar ƙwaya na iya ɗauke da cikakken rifamfisin, miligiram 150 cif, amma abin da ke shiga jini bai kai ba. Girman garin da aka niƙa, siffar ƙanƙararsa, tsarin da aka bi wajen cakuɗa shi da sauran ukun, duk suna canja yadda hanji ke tsotsarsa. A cikin tsamin ciki ma yana iya haɗuwa da isoniyazid su ci juna. Wannan ne ya sa tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar yaƙi da tarin fuka ta ƙasa da ƙasa suka ce kada a yi amfani da haɗaɗɗiyar ƙwaya sai wadda aka tabbatar da shigar rifamfisin ɗinta cikin jini, ta hanyar ba lafiyayyun mutane su sha a kuma riƙa ɗibar jininsu ana aunawa. Babu farantin da zai yi wannan aiki. Gwajin wargajewa a ruwa ma ba ya nuna narkewa, domin ƙwaya na iya farfashewa cikin minti biyar maganin ya ƙi sakin jiki. Majinyata da yawa sun ɗauki jan fitsari a matsayin shaidar cewa magani na aiki, kuma gaskiya ne rifamfisin ke rina shi, amma rabin ƙwaya ma na rinawa.

Akwai kuma datti da ido ba ya gani. A 2020 aka gano wani sinadari daga dangin naitirosamin, waɗanda ake zargi da haddasa sankara, a cikin rifamfisin na kamfanoni da dama, har da manya. Adadinsa 'yan ɓurɓushi ne cikin miliyan. Hukumomi sun ce a ci gaba da shan maganin domin hatsarin barin tarin fuka ya fi, amma na'urori masu tsadar gaske ne suka gano shi, ba akwati ba.

Hujjarsu ta gaba ita ce wadda ta fi shafar Kano, kuma ita ce wadda baƙin masana ba su cika kawowa ba. Sakamakon gwaji a wannan gari ba ya tsayawa a takarda. Mutane ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Asibitin Zana, yara 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin jiha a 2009. A kan wannan tabo ne aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa Yulin 2004, kuma abin da ya hura wutar har da rahotannin gwaje-gwaje masu karo da juna kan abin da ke cikin ɗigon. Kafin a dawo da rigakafin, da wanda aka sayo daga Indunusiya, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. To a ce yau wani ma'aikaci ya yi kuskure wajen ɗiga samfuri, ko sinadarinsa ya tsufa, ɗigo ya fito a dusashe, ya ɗauki hoto ya tura a WhatsApp cewa maganin tarin fuka na gwamnati jabu ne. Kafin la'asar maganar ta zaga unguwanni. Mutum nawa ne za su ajiye katinsu a wata na uku? Shi kuma ajiye magani a tsakiya, abin da yake haifarwa shi ne dai abin da ake gudu daga mugun magani.

Daga ƙarshe suna tambayar inda ya kamata kuɗi su tafi. Maganin da shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa ke rabawa, galibinsa ta hannun asusun sayen magunguna na duniya da aka kafa a 2001 yake zuwa, daga kamfanonin da aka riga aka binciki masana'antunsu, aka kuma gwada kasonsu kafin a loda. Me za a ƙaru da shi in an sake ɗiga shi a faranti? Babbar matsalar Nijeriya, a ganinsu, ita ce mutanen da ke tari a gida ba a gano su ba, da waɗanda suka fara magani suka daina domin kuɗin mota ko yunwa. Shirin ya daɗe yana dogara da tallafin waje, kuma dakatar da agajin Amurka a farkon 2025 ya nuna wa kowa yadda igiyar take da siranta. Naira ɗaya da aka kashe a kan akwati, an cire ta ne daga na'urar gwada kaki ta GeneXpert ko daga mai bin majinyata gida-gida.

Hujjoji ne masu nauyi, kuma kusan dukkansu gaskiya ne. Sai dai idan aka dube su da kyau, biyu daga cikinsu sun tsaya ne a bakin tashar jirgin ruwa, ba su ƙaraso Kano ba.

Na farko, shaidar da kamfani ya samu tana magana ne a kan ƙwayar ranar da ta bar masana'anta. Ba ta san abin da ya same ta a kan tirela daga Apapa ba, ko a sito mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, alhali a jikin kwalin an rubuta a ajiye ƙasa da 30 ko ma 25. Ba ta san damshin Agusta ba. Etambutol kuwa mai jan danshi ne, in kati ya ɗan huje sai ya jiƙa ƙwayar daga ciki, rifamfisin da isoniyazid su fara lalata juna tun suna kan kanta. Irin wannan lalacewa takan canja launi, takan fito da ƙarin ɗigo a kan faranti inda bai kamata a ga komai ba. A nan ƙaramin gwaji yana da abin faɗa, domin shi kaɗai ne zai iya zuwa har siton ƙaramar hukuma. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe shida na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda ya fito a 2011, ya tarar kashi 11 na samfuri 291 sun gaza, a kafson rifamfisin kuwa fiye da kashi 28, kuma da yawansu daga cibiyoyin jinya aka ɗebo su ba daga kasuwar bayan fage ba.

Na biyu kuma, ba kowa ke shan maganin gwamnati ba. Mai tari a Kano, kamar a ko'ina a ƙasar nan, kemis yake fara zuwa. Akwai wanda kunya ke hana shi a gan shi a layin masu tarin fuka, akwai ɗan kasuwar da ke ganin abin kyauta ba shi da kyau, akwai wanda aka rubuta wa takarda a asibitin kuɗi ya tafi ya saya. Rifamfisin na nan a shaguna, ana yankar kati a sayar gwargwadon kuɗin mutum. Kano kuma ba ta kanta kaɗai take sayar wa magani ba, dillalanta ke ciyar da arewa da maƙwabta. Shekara da shekaru cinikin na gudana a Sabon Gari, cikin zafi da cunkoso, har aka gina cibiyar dillancin magunguna ta Kanawa a Dangwauro, kan titin Zariya, aka buɗe ta a 2023. A Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, NAFDAC da hukumar PCN mai kula da masu sayar da magani suka rufe shaguna fiye da 1,300 a Sabon Gari da Malam Kato da kewaye domin tilasta ƙaura. An sha rigima, kuma 'yan kasuwar na da nasu ƙorafin kan tsadar shaguna. Amma ga mai tunanin gwaji, tattara dillalai a wuri ɗaya mai ƙofa ɗaya dama ce da ba a taɓa samu ba. Teburi guda a bakin wannan ƙofa zai ga abin da sufetoci goma ba za su gani ba suna yawo a lunguna.

Game da cewa akwatin na kama ɗaya cikin uku, tambayar da ta dace ita ce: wane ɗaya? Wanda yake kamawa shi ne mafi muni, ƙwayar alli, ko wadda aka zuba wa rabi, ko wadda aka sa wani magani daban. Kuma mai shigo da irin wannan kaya lissafi yake yi. Zamanin Dora Akunyili a NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, ya nuna cewa tsoron kamu kaɗai na canja kasuwa, har ta kai masu jabu sun buɗe wa motarta wuta a Disambar 2003. Bayanta hukumar ta kawo na'urar hannu ta TruScan da tsarin kankare lamba a tura saƙon waya, duka a wajen 2010. Kowannensu na da makantarsa. Lambar kankarewa kwalin take tantancewa ba ƙwayar ba, na'urar hannu kuma takan rikice a kan ƙwaya mai haɗe da magunguna da yawa ko mai launi mai ƙarfi. Ba wanda ya ce a jefar da su saboda haka.

Idan aka auna duka, masu goyon baya sun fi gaskiya a kan cewa a yi gwajin, masu ja kuma sun fi gaskiya a kan abin da za a yi da sakamakonsa. Akwatin na iya cewa wannan kaso abin zargi ne. Ba shi da ikon cewa wannan kaso lafiyayye ne, kuma ranar da aka fara buga hatimin an gwada an tabbatar a kan katan saboda ya wuce faranti, ranar ce ya zama abin cutarwa. Wanda ya faɗi, a riƙe kayan a tura samfuri Kaduna ko Yaba, kuma bakin kowa a rufe har amsa ta dawo, domin kare ɗan kasuwar da bai yi laifi ba da kuma majinyacin da jita-jita za ta raba da maganinsa. Daga cikin waɗanda suka wuce ma a riƙa zaɓar wani kaso ana turawa, don a san yawan abin da ke sulalewa, a kuma san ma'aikacin da idonsa ke buƙatar ƙarin horo. Wannan shi ne tsarin hawa uku da masana ingancin magani suka daɗe suna bayarwa, ido, sannan akwati, sannan babban ɗaki, kuma hawa na biyun ba ya tsayuwa in babu na ukun.

Maganar kuɗi ma tana da amsa. Ba daga asusun neman majinyata ya kamata a sayi akwatin ba, aikin hukumomin kula da magani ne, na tarayya da na jiha, kuma akwati ɗaya yana gwada magunguna fiye da ɗari, na zazzaɓi da na kashe ƙwayoyin cuta da sauransu. Abin da ke kashe irin wannan shiri ba sayen akwatin ba ne, a'a, sinadarai da ingantattun ƙwayoyin kwatance ne da ke ƙarewa ko su lalace bayan shekara ɗaya ko biyu, ba a kuma sa kuɗinsu a kasafi ba. Jihar da ba za ta iya ɗaukar wannan ɗawainiya a kai a kai ba, gara kada ta yi bikin ƙaddamarwa.

Akwai kuma abin da ya fi kowane gwaji arha, wanda ɓangarorin biyu ba sa jayayya a kansa. Barazil ta daɗe da hana sayar da maganin tarin fuka a shaguna, sai ta hannun gwamnati kaɗai. Kano na da ikon matsa wa wannan lamba a Dangwauro da shagunan unguwa, ta bar mai kemis da aikin da ya fi dacewa da shi, wato tura mai tari inda za a gwada kakinsa.

Kafin hukuma ta motsa, abin da ke hannun mai karatu shi ne wannan. Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, ko yake fama da ciwon baya mai tafe da rama da gumin dare, kada ya saya wa kansa magani a kanti komai kyan kwalinsa. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta amince da su, kuma ana iya kiran lambar 3340 ba tare da an biya ko kwabo ba domin a san wadda ta fi kusa. Wanda kuma yake kan magani ya ga ƙwaya ta canja launi, ko ta yi laushi, ko katin ya huje, ya mayar wa ma'aikacin da ya ba shi a canja masa a ranar, kada ya tsallake ko kwana ɗaya.